Waken da Ƙwaro Ya Ƙi Ci

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai. Wani lokaci sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Amma maganar waken nan, ina jin ko ranar da za a ɗauke ni a makara da ita zan tafi. Har yau idan na tsoma hannu a buhun wake na ga babu ko huda ɗaya, sai in ji zuciyata ta tafasa kamar jiya abin ya faru.

Lokacin ba mu daɗe da zuwa Kano ba. Fari ne ya koro mu daga ƙauye, shekarun nan da gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, daidai lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Gyaɗi-Gyaɗi ta wancan zamani ba wadda kuka sani yanzu ba ce. Gidaje tsilli-tsilli, gonaki a tsakaninsu, ko'ina ka duba ana haƙa harsashin gini. Idan iska ta kaɗo daga wajen gidan zu, har gurnanin zaki muke ji, ni kuwa 'yar ƙauye sai in janyo yarinyata jikina.

Wani Alhaji ɗan garinmu ne ya sauke mu. Babban ɗan kasuwar hatsi ne da wake a kasuwar Tarauni. Ya ba mu ɗaki ɗaya a jerin ɗakunan bayan gidansa, ya kuma ba maigidana tuƙin motarsa ta ɗaukar kaya. A wajen mutanen ƙauyenmu, wanda ya sauke ka a birni ubanka ne. Ba a ɗaga masa murya, ba a kallon tsakiyar idonsa, ko ƙafarka ya taka kai ne za ka ce ya yi haƙuri.

Ina da 'ya ɗaya, 'yar fari, ta ɗan wuce shekara biyu. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba. Mu a lokacinmu ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. "Yarinyar nan" nake ce mata. Amma Allah ya yi ni da fargaba. Idan tana barcin rana sai in faki ido in kara yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Akwai wata tsohuwa mai ɗaki kusa da namu, Inna muke ce mata, ita ke kama ni kullum.

"Ke dai an yi marar kunya," in ji ta. "'Yar fari kike leƙe kamar tukunyar nama? A zamaninmu da an yi miki waƙa a bakin rijiya."

Innar nan ce ta koya mini suyar ƙosai irin ta birni. Mu baƙin ƙauye ba mu da halin kulle, don haka na kafa murhu a ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar baya. Leburorin gini, direbobi, yara masu tafiya makaranta, matan unguwa masu aiko da kwano, duk wajena suke zuwa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma ina da ido. Na san wanda yake son mai barkono, na san wanda bai ci komai ba tun jiya ko bai faɗa ba.

Shekarar nan wake ya yi wuya, wanda ake samu kuma duk hujajje ne. Ka jiƙa shi rabi ya taso saman ruwa, ƙwari na iyo. Ana cikin haka, gab da bazara, sai Alhaji ya buɗe sitonsa. Wake fari tas, manya-manya, sumul, babu huda ko ta allura. Masu ƙosai da masu alale suka yi masa caa. Maigidana ya kawo mini rabin buhu, ya ce Alhaji ya ce a fara ba ni tun da ni ta gida ce. Har shiga na yi na durƙusa na yi godiya.

A kan hanyata ta fitowa daga godiyar na ga matarsa, Hajiya, ta baza wake a tabarma tana tsincewa. Hujajje ne, ya yi furu-furu da toka irin yadda iyayenmu ke ajiye shi a rumbu, toka da barkono. Wallahi sai na ji mutumin ya ƙara girma a idona. Da maigidana ya dawo na ce masa, "Malam, ka ga mutumin kirki? Mai kyau ya kai wa mutane kasuwa, hujajje ya bar wa gidansa." Ni da bakina na faɗi haka. Duk lokacin da na tuna, sai in ji kamar in mari kaina.

Tun ranar farko da na jiƙa waken na ji wani wari, kamar kananzir ba kananzir ba, ruwan kuma ya yi wani fari-fari. Da na surfa shi ina wankewa, tsakanin yatsuna ya riƙa yi mini zafi. Na ce ai warin buhu ne. Na ƙara wanki ɗaya, na kai inji, na soya, aka saye tas, har ana yabon ƙosan ya yi haske. Kwana na biyu na lura da ƙuda. Duk mai ƙosai ta san inda take zubar da ruwan wanki da ɓawon wake dandalin ƙudaje ne. Ranar babu ko ɗaya a sama, waɗanda na gani suna ƙasa sun yi rigingine. Wani lebura ya ce mini jiya cikinsa ya murɗa, na ce ko ruwan rijiyar wajen aikinsu ne.

Safiya ta uku, kazar Inna mai cin ɓawon waken muka tarar a bakin kwata ta sandare. Inna ta ɗaga ta da ƙafa ɗaya ta ce annobar kaji ce, ta yi tsaki ta wuce. Ni kuwa na tsaya. Ƙullu na gabana an riga an markaɗa, na buga shi ya tashi, mai ya yi zafi a kasko, mutane sun fara miƙo kwanuka. Zuciyata ta gaya mini. Kada wani ya rage mini laifi ya ce ban sani ba. Ban san sunan abin ba, amma na san akwai abu. Na dubi ƙullun, na tuna shi ne jarina gaba ɗaya, na tuna wanda ya ba ni waken, na ce a raina ai wuta tana kashe komai. Na ɗebo na zuba a mai.

Yarinyar tana zaune a tabarma bayana. Kamar kullum, na faki idon Inna na tura mata ƙosai guda uku masu zafi da ɗan koko a moɗa.

Da hantsi, ina kankare kasko, na ji wani irin kakari. Na juya na gan ta a ƙasa, ta yi amai, yawu na dalala, idanu sun juye sai fari, hannu da ƙafa suna fizga kamar ana jan su da igiya. Ranar na fara kiran sunanta da bakina. Ban kira ba, kurma ihu na yi da shi, har ƙarshen layi sai da aka ji. Mata suka fito. Inna na cewa iska ce, a kawo garwashi da tafarnuwa, wata na cewa a danna mata cokali a baki.

Allah ya taimake ni da maƙwabciyarmu ta tsallaken hanya, wata Bayarabiya Kirista mai aikin jinya, muna ce mata Maman Nas. Ranar tana hutu. Ta fito da ɗaurin ƙirji ta ture kowa.

"Ku ba ta iska! Inna, ajiye wutar nan, za ki ƙona yarinya!" Ta kwantar da ita ta gefe, ta sunkuya ta shinshina bakinta, sannan ta ɗago ta dube ni. "Ƙanwata, me ta ci?"

Na ce, "Ƙosai."

"Ɗauko mayafinki."

Ita ta tare mana tasi a bakin titi. Abin da na tarar a asibiti shi ya ƙarasa ni. Leburan nan yana kwance a benci yana ta sheƙa amai. Can gefe ga matar telan unguwarmu rungume da ɗanta ɗan makaranta, wanda kullum ni ke ƙara masa gyara don yana gaishe ni da ladabi. Da ta gan ni sai ta ce, "Wayyo, ke ma taki ce? Sannu. Wace irin cuta ce ta shigo mana unguwa?" Tana yi mini sannu, ni da na zuba wa ɗanta.

Kwana uku muka yi. Aka yi wa yarinyar allurai, aka ɗaura mata ruwa, ni ina tsugune a gindin gado ban san na ci ko ban ci ba. A rana ta biyu Maman Nas ta ja ni waje ta ce likita ya ce maganin ƙwari ne, irin hodar da ake yi wa gonar auduga.

Na ce, "Ai na wanke shi sau uku."

Ta ce, "Ko sau goma ne. Ya daɗe a ciki, ya shige ƙwayar. Ke ba ki tambayi kanki ba? Waken da ya yi wata da watanni a ajiye, ƙwaro bai taɓa ba? Ƙwaro ya fi mu wayo ke nan."

Da aka sallame mu, na goyo yarinyar, ta yi laushi kamar tsumma, na biyo ta tsakar gidan Alhaji. Hajiya na zaune a inda na bar ta kwanakin baya, da tabarmarta da hujajjen wakenta, ƙwari na ta yawo a kai. Ta yi mini ya mai jiki. Ni kuwa idona na kan tabarmar.

Na ce, "Hajiya, ku me ya sa ba kwa cin farin waken nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji ya hana a shigo da shi gidan nan. Ya ce wancan na kasuwa ne."

Wancan na kasuwa ne. Na sha jin zagi a duniya, ban taɓa jin wanda ya kai wannan ba. Ashe ya sani. Ashe ba karamci ba ne ya sa yake cin hujajje, ransa yake so, da ran 'ya'yansa. Mu ne kasuwa. Ni da na durƙusa na yi godiya, da 'yata, da ɗan tela, da leburan da ya baro iyalinsa a ƙauye yana ɗaukar bulo, duk mu ne kasuwa.

Da la'asar maigidana ya dawo daga tafiyar da ya yi ta ɗauko kaya. Ya ga yarinyar. Na gaya masa komai. Ya ce, "Na ga ana barbaɗa hodar tun da kaka. Ni na ɗauko ta ma a mota. An ce mini wanki yana fitar da ita."

"Ka gani, ka kawo mini rabin buhu?"

"Ke, rage murya. A gidansa muke."

"Malam, da yarinyar nan ta mutu, a gidansa za mu zauna karɓar gaisuwa, ya shigo ya yi mana addu'a?"

Ya ce in bar wa Allah. Na ce Allah bai ce a bar masa abin da ya ba mu baki mu faɗa ba. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

Duk da haka ban tsallake Alhaji ba. Washegari da safe na same shi a zaure yana shan shayi, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi yadda aka koya mini. Na ce waken nan akwai magani a ciki, mutum uku sun kwanta, a taimaka a dakatar da sayarwa. Ya kurɓi shayinsa.

"'Yar nan, ke likita ce?"

"A'a, Alhaji."

"To, ƙazantarku ce ta masu suya. Ba kwa wanke abu da kyau. Duk Kano wa bai sa wa wake magani ba bana? So kike in zuba ido ƙwari su cinye mini dukiya?" Ya tura hannu aljihu ya jefo mini wata takardar kuɗi ta faɗi gabana. "Ungo, a saya wa yarinya madara. Kada in sake jin maganar nan a bakin kowa."

Ban taɓa ta ba. Na tashi na bar ta a nan ƙasa. Ina fita na ji ƙarar motarsa ana lodi za a kai wasu buhunan kasuwa, kuma maigidana ne zai ja.

Akwai ragowar waken a ɗakina. Na auni kwano ɗaya na jiƙa, na surfa, na kai inji, na buga, na soya ƙosai mafi kyau da na taɓa soyawa, jajir, ya kumbura. Na jera a kwanon sha mai murfi, na ɗaure da adiko. Inna na tsaye tana kallona.

"Wa za ki kashe kuma?"

"Baƙo zan kai wa, Inna. Riƙe mini yarinyar."

Ta gane. Ta kama bakin mayafina ta ce, "Ke 'yar nan, ki yi wa kanki faɗa. Damina na tafe. A ina za ku kwana?" Na ce ban sani ba. Sai ta saki mayafin ta karɓi yarinyar ta ce, "Allah ya tsare. Ki bi gefen hanya."

A ƙafa na tafi Tarauni, kwano a ka. Ban taɓa shiga layin 'yan hatsi ba, wurin maza ne. Na tambayi shugabansu aka nuna mini wani tsoho siriri a kan buzu, gemunsa fari, yana gyara bakin mudu. Na durƙusa na gaishe shi na fara bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Je ki gida, 'yata, ki turo mijinki. Wannan maganar maza ce."

Na ce, "Baba, ba mijina ne ya soya ba. Ni na soya."

Na ɗaga murya yadda masu awo da 'yan dako za su ji. Na ce ni ce mai ƙosan ƙarƙashin darbejiya a Gyaɗi-Gyaɗi. Na ce na ji wari, na ga ƙuda ya mutu, na ga kaza ta mutu, na soya na sayar wa 'ya'yan mutane, na ba 'yata da hannuna. Na ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, laifina na kawo kafin na kowa. Amma waken a layin nan aka saye shi, kuma ga shi can ana sauke wasu buhunan. Kafin in rufe baki mutane sun kewaye mu.

Tsohon ya aika a kira Alhaji. Ya taho yana baza babbar riga, da ya gan ni fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ai matar direbansa ce, ciwon 'yarta ne ya taɓa mata kai, a yi mata uzuri. Waken kuwa lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya ce akwai wani abu hassada ce.

Sai na kwance adiko na buɗe kwanon. Ƙamshi ya tashi. Na matsa gabansa a durƙushe, na ɗaga kwanon da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa uba abinci.

"Alhaji, wakenka ne, na wanke shi sau uku. Bismillah."

Kun san dai a ƙasar nan ba a mayar da abincin da aka miƙo da bismillah, ko ƙoshi ka yi sai ka taɓa. Ya dubi kwanon. Ya dubi mutane.

Ya ce, "Ina azumi."

Wani mai awo daga baya ya ce, "Azumin goro ne, Alhaji? Ga bakinka nan jajir!" Aka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba.

Na ce, "To, ba komai. A kai wa autanka gida, ya ci da koko. Guda uku kawai. Tawa ma uku ta ci."

Wallahi sai da ya ja da baya, kamar na miƙa masa maciji. Dariyar ta ɗauke, wurin ya yi tsit, sai kukan jaki can nesa.

Tsohon ya miƙo hannu ya ɗauki ƙosai ɗaya, ya raba shi biyu ya shinshina, ya ajiye. Ya dubi maigidana, wanda ke tsaye jikin mota da igiya a hannu, ya ce, "Kai direba, tsakaninka da Allah, an sa ko ba a sa ba?" Maigidana ya sunkuyar da kai har na fid da rai. Can ya ce, "An sa, Baba. Ni na ɗauko hodar."

Abin da tsohon nan ya yi bayan haka shi ya sa har yau nake sa shi a addu'a. Ya dafa ƙasa ya miƙe ya ce, "Jama'a, yarinyar nan ta faɗi nata, bari in faɗi nawa. Na ji warin nan a layin nan tun watan jiya. Na san ana yi. Na kau da kai don masu yi manya ne, ni kuma ina son zaman lafiya. Ashe ba zaman lafiya na saya ba." Ya juya ya nuna rumfarsa. "A fara da tawa. A farke kowane buhu."

Ɗansa ne ke kula da rumfar, ya taso yana cewa, "Haba Baba, a gaban mutane?" Tsohon ya ce, "A gaban mutane aka sayar." Aka samu buhu biyu masu warin, ɗan ya saro su ne daga wajen Alhaji. Tsohon ya sa aka haƙa rami a bayan kasuwa aka juye su, aka bi da na kan motar, aka zuba kananzir aka cinna wuta. Ya ce daga ranar duk wanda zai sayar da wake a layin nan sai ya yarda a dafa daga buhunsa ya ci a gaban mutane idan an yi shakka. Wasu suka yi ta gunaguni. Bai kula su ba.

Kada ku zaci daga nan gaskiya ta yi halinta kowa ya tafa. Abin da ke cikin siton Alhaji ya fi wanda aka ƙone yawa nesa ba kusa ba. Bayan kwana biyu aka samu wani direba ya loda shi aka yi wata jiha da shi. Wa ya ci? 'Ya'yan wa suka yi jijjiga a can, aka ce iska ce? Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya kama Alhaji, ba wanda ya tambaye shi. Mu aka ba kwana uku mu bar ɗaki, aka karɓe makullin mota. Muka koma Darmanawa, wani ɗaki da ko ƙyaure babu sai zana, ruwan farko a kanmu ya sauka. Maigidana ya yi watanni yana zaga tasha kafin ya samu motar haya, kuma ya daɗe ba ya iya haɗa ido da ni. Mutanen garinmu suka aika wa mahaifiyata cewa na ci amanar mai masauki, na tsaya a kasuwa ina kiran 'yar fari tawa ba kunya. Ba wanda ya aika mata cewa jikarta ta kusa mutuwa.

Kafin mu tashi na bi gidajen masu sayen ƙosaina ɗaya bayan ɗaya na gaya musu. Wasu sun yafe. Matar tela ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Kin ga kazar, kika zuba wa ɗana?" Na ce e. Ta ce, "Fita." Na fita, don tana da gaskiya. Ɗanta ya tashi, leburan ma ya tashi, amma ba ta sake amsa gaisuwata ba har muka rabu.

Shi kuwa Alhaji ya ci gaba da bunƙasa. Ya yi gidaje, ya yi suna wajen rabon hatsi da azumi. Ranar da ya rasu ana ta cewa an yi rashin mai taimakon talakawa. Na ce Allah ya jiƙan musulmi, na ja bakina na tsuke. Hisabi ba nawa ba ne. Amma a ce in manta, wannan kuma ba zan iya ba.

Na koma suya a Darmanawa, da ƙyar, don labari ya riga ni zuwa. Sai na ɗauki wata al'ada. Kaskon farko idan ya fito, kafin in sallami kowa, sai in ɗauki ɗaya in ci a gaban masu jira, in ba yarinyar ɗaya, a fili, ba fakon ido. Da farko dariya ake yi mini. A hankali layi ya dawo, har ya fi na da. Daga baya sana'ar ta buɗe, na kai ina da mata shida suna suya a ƙarƙashina, kuma duk wadda ta zo neman aiki sharaɗin farko ke nan: ke za ki fara ci. Na taɓa juye ƙullun kwano goma a rami don hancina bai yarda da shi ba, matan suna ta salati. Asarar ta yi mini ciwo, amma na san ciwon da ya fi ta.

Yarinyar nan yanzu tana da jikoki. Idan ta raka ni kasuwa ta ga ina tona buhu ina neman mai huda sai ta ce mini, "Inna, kowa na neman mai kyau ke kina neman abin da ƙwaro ya rage." Sai in ce mata ƙwaron nan shi ne mai ɗanɗana mini.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Duk mai sana'a, babba ne ko mai kasko ɗaya, akwai ranar da zai ga kazarsa a bakin kwata, mai ya yi zafi, mutane na jira, kuma ba mai ganin zuciyarsa sai Allah. Ranar ake sanin ko shi wane ne. Ni na faɗi a tawa ranar, 'yata ta kusa biya da ranta. Shugaba kuma ba a gane shi da girman riga, sai ranar da ya ce a fara da rumfarsa. Don haka idan za ku yi hulɗa da ɗan kasuwa, kada ku tsaya kan abin da ya baza a rumfa. Ku leƙa tabarmar tsakar gidansa ku ga abin da 'ya'yansa ke ci. Abin da ba za ka iya sa wa ɗanka a baki ba, ba haja ba ne, ko da duk kasuwa shi take sayarwa.